Jirgin ƙasa da akwatin zaɓe: yadda sufuri ya zama abin taƙaddama a zaɓen majalisun yankuna na Faransa

Idan jirgin ƙasan da ke kai ma'aikaci wurin aikinsa ya yi ta makara, ko kuɗin tikiti ya tashi, ko aka daina tsayawa a tashar ƙauyensu, wa ya kamata ya kama da laifi ranar zaɓe? Shugaban ƙasa ne, ko magajin gari, ko kamfanin jiragen, ko kuwa majalisar yankin da yake zaune? Tambayar ta sake tasowa a Faransa tun ranar 29 ga Yunin 2025, ranar da kamfanin Transdev ya fara jigilar fasinja tsakanin Marseille da Toulon da Nice, layin da kamfanin gwamnati na SNCF ya daɗe yana riƙe da shi shi kaɗai. Majalisar yankin da waɗannan birane suke ciki ce ta yanke wannan shawara, kuma za a koma zaɓen irin waɗannan majalisu a watan Maris na 2028. Mutane da yawa, har da Faransawan kansu, suna ɗaukar zaɓen yankuna a matsayin gwajin ƙarfin jam'iyyu kafin zaɓen shugaban ƙasa, alhali abin da ake zaɓa a zahiri shi ne wanda zai riƙe jakar kuɗin jiragen ƙasa da motocin safa na tsawon shekara shida.

Mece ce majalisar yanki?

Faransa tana da yankuna 18: goma sha uku a nahiyar Turai, biyar a ƙetaren teku. Na Turai 22 ne a da, sai aka haɗe wasu da wasu daga ranar 1 ga Janairun 2016. A ƙarƙashin yanki akwai gundumomi, a ƙarƙashin gundumomi kuma akwai ƙananan hukumomi kusan dubu 35. Kada a kwatanta yanki da jiha irin ta Najeriya, domin ba shi da gwamna mai iko da komai, ba ya yin dokokin kansa, kuma gwamnatin tsakiya tana da nata wakilin da ta naɗa a kowane yanki. Abin da yanki yake da shi majalisa ce da ayyuka ƙididdigaggu da doka ta ba ta, manya daga cikinsu su ne sufuri, da gine-ginen makarantun babbar sakandare, da koyar da sana'o'i, da tallafa wa tattalin arzikin yankin. Mai karatu a Nijar zai gane tsarin da wuri, don majalisun jihohi irin na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda aka zaɓa a Disambar 2020 kuma gwamnatin soja ta rushe a 2024, a kan wannan fasali aka gina su.

An fara zaɓen majalisun kai tsaye a 1986, bayan dokokin rage ikon tsakiya na 1982 a zamanin François Mitterrand. Jerin sunaye ake zaɓa, zagaye biyu. Jerin da ya samu kashi 10 cikin ɗari yana iya tsallakawa zagaye na biyu, wanda ya zo na ɗaya kuma ana fara ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru kyauta kafin a raba sauran. An yi haka ne don kada majalisa ta rasa mai rinjaye, sakamakonsa kuwa shi ne shugaban da majalisar ta zaɓa yana da ƙarfin aiwatar da abin da ya ga dama a kan sufuri ba tare da dogon ciniki da 'yan adawa ba.

Tafiya ɗaya, hukumomi biyar

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da ke zaune a wani ƙaramin gari mai nisan kilomita arba'in daga Toulouse. Da asuba ta tayar da motarta, ta bi titin da gunduma ke gyarawa, ta ajiye ta a filin da ƙaramar hukuma ta tanada kusa da tasha. Jirgin da za ta shiga, wanda ake kira TER, majalisar yankin Occitanie ce ta biya kuɗin sayensa, ita ta tsara sau nawa zai wuce a rana, ita ta yanka kuɗin tikiti. Matuƙin jirgin da mai duba tikiti ma'aikatan SNCF ne da ke aiki a ƙarƙashin kwangilar da yankin ya sa wa hannu. Layin dogon da jirgin ke bi da na'urorin ba da hanya suna hannun SNCF Réseau, wani reshe daban mallakar gwamnatin tsakiya, kuma yankin yana biyansa kuɗin hanya a kan kowane jirgi da ya wuce. Da ta sauka a Toulouse, jirgin ƙarƙashin ƙasan da zai ƙarasa da ita asibiti na hukumar sufurin birnin ne, ba ruwan yanki da shi. Ɗanta kuma, a daidai wannan lokaci, yana tsaye bakin hanya yana jiran motar makaranta, ita ma yanki ne ke ɗaukar nauyinta.

Idan wannan mata ta makara saboda wata tsohuwar na'ura ta lalace a kan layi, sunan yankin take gani a jikin tarago, don haka shi za ta zarga, alhali na'urar ba tasa ba ce. Idan kuma ɗan takarar majalisar yanki ya yi mata alkawarin rage kuɗin jirgin cikin gari, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Manyan jirage masu gudu na TGV ma ba na yanki ba ne, SNCF ke tafiyar da su a matsayin kasuwanci. Wuri ɗaya ne ya bambanta, wato yankin Île-de-France da ya kewaye birnin Paris, mai mutane kimanin miliyan 12, inda hukuma ɗaya mai suna Île-de-France Mobilités ke kula da jiragen ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa da motocin safa baki ɗaya, kuma shugaban majalisar yankin ne ke shugabantarta.

Yadda jiragen suka koma hannun yankuna

An fara gwajin miƙa jiragen ga yankuna shida a 1997, sannan aka faɗaɗa shi ga kowa daga ranar 1 ga Janairun 2002. Dokar watan Agustan 2015 ta karɓe motocin safa na tsakanin garuruwa da motocin makaranta daga gundumomi ta ba yankuna, abin da ya fara aiki a 2017, dokar Disambar 2019 kuma ta ce duk wani lungu na karkara da ƙananan hukumominsa ba su ɗauki nauyin tsara sufuri ba, yanki ne zai ɗauka. Ta haka sufuri ya zama abu mafi girma a kasafin kuɗin yankuna, yana cin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Kowane yanki ya raɗa wa nasa suna ya shafa masa fentinsa: liO a Occitanie, Zou a kudu maso gabas, Nomad a Normandie, BreizhGo a Bretagne. Wannan ya sa shugabannin yankuna suna da abin nunawa ranar kamfe, amma ya bar fasinjan da ke tsallaka iyakar yankuna biyu da tsarin farashi biyu da katin rangwame biyu.

Wa ke biyan kuɗin?

A nan gizo ke saƙa. A 2019 babbar kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a kan jiragen TER, inda ta ce suna ɗaukar fasinja kimanin dubu 900 a rana, sun ci yuro biliyan 8.5 a shekarar 2017, kuma kashi 88 cikin ɗari na wannan kuɗi daga baitulmali ya fito. Wato idan aka lissafa har da kuɗin layin dogo da na taragu, abin da fasinja ya biya a tagar tikiti bai wuce kashi 12 ba. Duk gardamar da 'yan takara ke yi a kan farashin tikiti, a kan wannan ɗan ƙaramin kaso suke yi.

Yankuna kuwa ba su da 'yancin haraji sosai. Mafi yawan kuɗinsu kaso ne da gwamnatin tsakiya ke yanka musu daga harajin sayen kaya, sai kaso daga harajin man fetur, sai harajin rajistar mota, wanda shi ne kusan kaɗai majalisar ke da ikon ɗagawa ko saukewa. Akwai abin mamaki a nan: hukumar da aka ɗora wa alhakin raba mutane da motocinsu tana samun wani ɓangare na abincinta daga sayen motoci da ƙona mai, ta yadda duk nasarar da ta samu a wannan aiki tana rage mata kuɗin shiga.

Birane suna da wata hanya da yankuna suka daɗe suna hange. Tun 1971 a Paris, daga baya kuma a sauran birane, ana karɓar wani haraji na musamman don sufuri daga duk kamfani ko ma'aikata mai ma'aikata goma sha ɗaya zuwa sama, gwargwadon albashin da take biya. A Île-de-France wannan haraji ne ke ɗaukar kusan rabin kuɗin gudanar da sufuri, ga shi kuma doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya mayar wa ma'aikacinsa rabin kuɗin katin wata. Sai a kasafin kuɗin 2025 aka ba sauran yankuna damar karɓar irinsa, amma kada ya wuce kashi 0.15 cikin ɗari na albashi. Yankin Marseille da Occitanie sun karɓa, wasu shugabannin kuma sun ƙi, suna cewa nauyin da ke kan kamfanoni ya riga ya yi yawa. Da wuya a yi kamfen 2028 ba a ja wannan magana ba.

Alkawarin sufuri kyauta

Babu alkawarin da ya fi daɗin ji a kunnen mai zaɓe kamar a ce ya shiga ya sauka ba ko sisi. Ba kuma tatsuniya ba ce, domin motocin safa na Dunkerque kyauta ne tun Satumbar 2018, Montpellier ta mayar da nata sufurin kyauta ga mazauna birnin a Disambar 2023, ƙasar Luxembourg kuwa ta yi haka a duk faɗinta tun 2020. A zaɓen 2021 'yar takarar da 'yan gurguzu suka mara wa baya a Île-de-France, Audrey Pulvar, ta gina kamfenta a kan mayar da sufuri kyauta mataki mataki. Valérie Pécresse, mai riƙe da kujerar, ta yi watsi da shawarar, kuma ita ta ci zaɓen.

Masu goyon baya suna cewa tunda fasinja ɗan kaɗan yake biya, me zai hana a yafe masa ragowar, a huta da kuɗin na'urorin tikiti da masu dubawa, a sauƙaƙa wa talaka, a rage hayaƙin motoci. Masu adawa suna amsawa da cewa abin da ya yiwu a Dunkerque, inda kuɗin tikiti dama ba wani abin kirki yake kawowa ba kuma motocin suna da gurbin ƙarin mutane, ba zai yiwu a Paris ba, inda tikiti ke kawo biliyoyin yuro a shekara kuma jiragen cike suke maƙil safe da yamma. A cewarsu duk yuron da aka yafe a tagar tikiti, yuro ne da aka hana wa sabon tarago. A ganina na biyun sun fi hujja idan ana maganar jiragen yanki. Mutumin da jirgi ke wucewa ta garinsu sau huɗu a rana, na ƙarshe kafin ya tashi daga aiki, ba tsada ce ta hana shi shiga ba, kuma ko an ce kyauta ne motarsa zai hau.

Tarihin Navigo, katin wata na sufurin Île-de-France, ya nuna yadda alkawarin farashi ke narkewa bayan zaɓe. A Satumbar 2015, wata uku kafin zaɓe, majalisar da Jean-Paul Huchon ke shugabanta ta soke bambancin shiyyoyi ta mayar da katin farashi ɗaya, yuro 70, abin da ya yi wa mazauna nesa da Paris daɗi ƙwarai. Pécresse ta hau mulki a Disamba, a Agustan 2016 katin ya koma 73, a 2017 ya koma 75.20. Ya tsaya nan har aka wuce zaɓen 2021, sannan ya yi tsalle zuwa 84.10 a Janairun 2023, ya kai 88.80 a 2025. Ba mugunta ce kawai ta ɗan siyasa ba: annobar korona ta kwashe fasinja, wutar lantarki ta yi tsada, ga kuma sababbin layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na kewayen Paris, wato Grand Paris Express, masu tsawon kilomita 200 da tashoshi 68, waɗanda wata hukumar gwamnatin tsakiya ke ginawa amma kuɗin tafiyar da su a kan hukumar yankin zai faɗa.

Wasu yankunan sun bi tsakiya. Occitanie, a ƙarƙashin Carole Delga, tana sayar da tikitin yuro ɗaya a wasu layuka da wasu ranaku, ta kuma mayar da motar makaranta kyauta daga 2021. Irin wannan rangwamen da aka nufi wasu mutane da shi ya fi sauƙin ɗauka ga kasafi, kodayake ba ya cika baki a dandalin kamfe.

Shigowar kamfanoni masu gasa

Dokar Yunin 2018, wadda ma'aikatan jiragen ƙasa suka yi wata uku suna yajin aikin kwana biyu cikin kowane biyar don su hana ta, ita ta buɗe ƙofa. Daga Disambar 2019 yanki yana iya tallata kwangilar layukansa ga duk kamfanin da ke so, daga ƙarshen Disambar 2023 kuma tallatawar ta zama dole ga duk sabuwar kwangila. Abin da mutane suka fi kuskuren fahimta shi ne zaton an sayar da jiragen. Ba a sayar ba. Layin dogon yana nan na gwamnati, yanki ne ke ci gaba da yanka farashi da tsara lokuta, abin da ke canjawa kawai shi ne wanda aka ɗauka haya ya tuƙa.

Yankin Marseille, a ƙarƙashin Renaud Muselier, shi ya fara ba wa wani kamfani dabam a 2021, bisa sharaɗin a ninka zirga-zirga daga zuwa da dawowa bakwai a rana zuwa goma sha huɗu. Masu ra'ayin 'yan kasuwa suna kafa hujja da wannan, suna ƙarawa da cewa ko a inda SNCF ta sake cin kwangilar, kamar layukan Amiens da na kewayen Nice, tsoron rasa ta ya sa ta gyara tayinta. Suna kuma tuna yadda yankin Hauts-de-France na Xavier Bertrand ya kai ga dakatar da biyan SNCF a ƙarshen 2021 saboda yawan soke jirage, don a lokacin ba shi da wani wurin da zai juya. Ƙungiyoyin ƙwadago da mafi yawan masu ra'ayin gurguzu suna cewa ƙarin jiragen daga sababbin taragu da sabon garejin da yankin ya biya da kuɗin jama'a ya fito, cewa ragin da kamfani zai samu daga jikin ma'aikata zai fito, kuma yayyanka layuka gunduwa gunduwa zai sa idan jirgin wani kamfani ya makara na ɗayan ba zai jira fasinjansa ba. Occitanie da Bretagne sun yi sauri sun sabunta kwangilar shekara goma da SNCF kafin wa'adin ya cika.

Mutanen karkara da motocinsu

Duk wannan muhawara ta jirgin ƙasa ba ta isa kunnen miliyoyin Faransawan da babu tasha kusa da su. Zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa da ta ɓarke ranar 17 ga Nuwambar 2018 daga ƙarin harajin mai ta samo asali, bayan an rage gudun mota zuwa kilomita 80 a sa'a a hanyoyin karkara a Yulin shekarar. A farkon shekarar ne kuma rahoton da gwamnati ta sa Jean-Cyril Spinetta ya rubuta kan makomar jiragen ƙasa ya nuna cewa ƙananan layukan dogo masu dubban kilomitoci suna ɗaukar kimanin kashi 2 cikin ɗari na fasinja kawai, ya ba da shawarar a sake duba amfaninsu. Gwamnati ta ga abin zai ƙona mata hannu ta ƙi rufe su daga Paris, nauyin ceto su kuma ya gangaro kan yankuna. Shi ya sa sake buɗe tsohon layi ya zama abin alfahari a kamfe, kamar yadda Occitanie ta dawo da jirgin fasinja a gaɓar dama ta kogin Rhône a Agustan 2022 bayan kusan shekara hamsin. Masu lissafi suna tambaya ko motar safa mai zuwa kowace sa'a ba za ta fi amfanar mutanen ba da kuɗi kaɗan, amma ba a yanke kyallen buɗe motar safa da ganga.

Me masu zaɓe suka yi da wannan iko?

A zaɓen 20 da 27 ga Yunin 2021, kusan kashi biyu cikin uku na masu rajista ba su fita ba. Kamfen ya karkata ga batun tsaro, wanda aikin gwamnatin tsakiya ne, kodayake yanki yana iya sa kyamarori a taragu da tashoshi ya ƙara masu gadi. Dukkan shugabannin yankuna goma sha uku na Turai sun koma kujerunsu, wanda ya kira kamfanoni masu gasa da wanda ya ƙi su, wanda jiragensa ke zuwa a kan lokaci da wanda nasa ke makara.

Akwai dalilin da ya sa hukunta shugaba ko saka masa a kan sufuri ke da wuya, ban da ruɗanin wa ke da me. Ba a fafe gora ranar tafiya: taragon da aka yi odarsa yau sai bayan shekaru yake isowa, gyaran layi ya kan ɗauki fiye da wa'adin majalisa ɗaya, horar da matuƙi kansa yana cin kusan shekara. Shawarar da aka yanke a Marseille a 2021 sai a 2025 fasinja ya ga jirginta. Majalisun da za a zaɓa a Maris na 2028 za su tarar da kwangilar Occitanie da SNCF tana gudana har 2032, ta Transdev kuma har 2035, don haka abin da zai rage a hannunsu a waɗannan wurare shi ne farashin tikiti, da harajin kashi 0.15, da layukan da ba a riga an tallata ba.